Layin da Bai Bi ta Ɗigo Ba

Malamin lissafi na aji uku ya zalunci yarinya, kuma yana sane ya yi. Ba gajiya ba ce, ba kuma yawan takardu ba ne, kamar yadda ya so ya fake daga baya. Ya ga gaskiya da idonsa, ya sa jan biro ya soke ta, don kawai kada a ce kundinsa ya yi ƙarya.

Kundin nan shi ya ba shi suna. Wani tsohon littafin rubutu ne mai baƙin bango, an naɗe gindinsa da salatif ya fi sau uku. Shekara goma sha bakwai yana koyarwa daga cikinsa, har yara da malamai suka koma ce masa Malam Kundi a bayan idonsa. In ya shigo aji sai ya buɗe, ya kwafe misali a allo, yara su kwafe su haddace. Ranar jarrabawa ya ɗebo tambayoyi daga misalan nan, ko lamba ɗaya ba ya canzawa. Duk wanda ya ɗaga hannu zai yi tambaya, amsarsa ɗaya ce: "Abin da ke allo bai ishe ka ba?" A makarantar kuma ba a mayar wa yara takardun jarrabawar ƙarshen shekara. Ɗaure su ake yi da igiya a jefa a kabad ɗin malami, maki kawai ake liƙawa a allon sanarwa.

Jarrabawar aji uku ita ke raba yara. Talatin na sama su ke shiga ajin kimiyya, domin kujeru talatin ne cif a ɗakin gwaje-gwaje. Sauran a rarraba su wasu azuzuwa, kuma wanda aka tura can ba ya dawowa. Auta, 'yar wani mai walda, tun tana ƙarama ba ta da zance sai na zama mai haɗa magani. Da aka liƙa sakamako sai ta ga ita ce ta talatin da ɗaya. Maki biyu ne tsakaninta da ta talatin.

Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Uwar ta yi rarrashin duniya, ta ce kowa da rabonsa, ta ce haƙuri maganin zaman duniya ne. A rana ta uku da hantsi Auta ta bi ubanta shago. Ta same shi durƙushe yana liƙa ƙarfen riƙo na wata matakalar bene, baƙin tabarau a fuska.

"Baba, maki biyar ɗina sun ɓata."

Ya kashe injin, ya ɗaga tabarau zuwa goshi. "Sun ɓata, ko ba ki ci su ba? Kada ki zo mini da zancen ragwaye, Auta. Kowa ya faɗi sai ya ce malami ne."

"Na san inda na faɗi, Baba, na lissafa su duka. Amma tambaya ta bakwai na ci ta. Na tambayi 'yan ajinmu, kowa abu ɗaya ya rubuta, ni kaɗai na rubuta daban."

"To ai kin ba kanki amsa. Mutum ɗari sun bi hanya ɗaya, ke kin bi wata."

"Su haddacewa suka yi. Makon da Malam ya ba da misalin ina kwance da zazzaɓi, ka tuna? Ni a littafin laburare na koyi yadda ake yi."

Mai waldan bai yi boko ba, amma ba ya raina awo, domin da shi yake ci. Ya jawo wani falankin ƙarfe, ya miƙa mata allin da yake zana wurin yanka. "Nuna mini. Amma da bakin mutane, ni ban san waɗannan haruffan naku ba."

Ta zana gida-gida a kan falankin. Ta ja layi mai hawa, ta rubuta a gefensa y = 2x + 1. Ta ce ma'anarsa, duk taki ɗaya da ka yi gaba, layin ya hau taki biyu. Sai ta ƙirga gida uku gaba, huɗu sama, ta ɗiga alli.

"An ce mu nemo layin da zai tafi kafaɗa da kafaɗa da wannan, ba su haɗuwa har abada, kuma ya bi ta kan ɗigon nan."

"Ƙarfen riƙo ke nan," in ji uban. Ya nuna aikin da ke gabansa da haɓa. "Yadda matakala ta hau, haka zai hau, in ba haka ba mai hawa ya fara da riƙo a ƙugu ya ƙare da shi a wuya. Kuma dole ya zauna a kan ginshiƙinsa. Ci gaba."

"Tunda hawansu ɗaya ne, biyun nan ba ta canzawa. Abin da ya rage shi ne daga ina zai taso. Biyu sau uku shida ne, ni kuma huɗu nake nema, sai na debe biyu. Shi ya sa na rubuta y = 2x − 2."

"Su kuma fa?"

"Su sun rubuta y = 2x + 10. In ka sa uku a nasu, goma sha shida zai ba ka, ba huɗu ba."

Ya daɗe yana kallon falankin. Ya sa yatsa ya ƙirga gidajen da kansa, sau biyu. Sannan ya ce, "Nasu ya hau daidai, amma ya bar ginshiƙi a ƙasa, yana shawagi a iska. In na yi wa mutum irin wannan aikin, kotu za mu ƙare." Ya share hannu a jikin wandonsa. "Je ki gida ki ci abinci."

Washegari aka rufe makaranta, aka tafi dogon hutu. Sau biyu uban ya je makarantar, maigadi kawai ya tarar. Da aka dawo, makon farko aka ce shugabar makaranta tana taro, mako na biyu aka ce ta yi tafiya. Auta dai tana zaune a ajin da aka tura ta, tana hango 'yan ajin kimiyya ta taga suna wucewa da fararen rigunansu. A mako na uku uban ya sa rigarsa ta fita, ya nufi ɗakin malamai kai tsaye.

Ya yi sallama, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Malam Kundi yana zaune a teburinsa na kusa da taga, kofin shayi a dama, kundi a hagu.

"Malam, ni ne mahaifin Auta. Alfarma na zo nema, a nuna mini takardarta ta lissafi."

"Ba a nunawa."

"Tambaya ɗaya ce kawai, ta bakwai."

A nan hannun malamin ya tsaya a kan kofi. Wanda bai san abin da ke cikin takarda ba, sai ya tambaya me ya sami ta bakwai. Shi bai tambaya ba. Cewa ya yi, "Bawan Allah, mene ne sana'arka?"

"Walda."

"To ka taɓa ganina a shagonka ina koya maka riƙon ƙarfe? Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki. Na koyar da likitoci, na koyar da injiniyoyi. Yau 'yarka da ko rabin zangon ba ta zauna a aji ba, ita za ta gyara mini lissafi? Ku iyayen zamani, yaro ya faɗi sai ku ɗauko shi a kafaɗa ku zo kuna neman wanda za ku ɗora wa."

"Mako ɗaya ta yi a kwance, Malam, ba rabin zango ba."

"Ka je ka liƙa ƙarafunanka."

Malamin tarihi, wani mai barkwanci da teburinsa ke can ƙarshen ɗakin, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kundin nan ko mu ba mu taɓa shi sai da alwala." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam Kundi bai yi ba.

Mai waldan ya fita, ya zauna a benci a ƙofar ofishin shugaba tun daga ƙarfe tara har aka fito hutu na biyu. Da ta fito ta gan shi, ta ce ya shigo. Mace ce mai son zaman lafiya fiye da kima, irin waɗanda ke ganin rufe magana shi ne gyara ta. Ta saurare shi, ta ce doka ce ba a fito da takardu, ta ce malamin nan babba ne, ta ce a bari yarinya ta yi ƙoƙari a inda take, ai ko'ina ilimi ne.

"Ranki ya daɗe, na janye maganar takarda," in ji shi. "Ki ara mini daɓen ɗakin malamai na minti goma. In 'yata ce ba ta da gaskiya, a gabanki zan sa ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ni ma in durƙusa, kuma ba za ki ƙara ganin ƙafata a nan ba."

"Daɓe kuma?"

"Tayil ne a ɗakin, na gani. Gida-gida ne, duk girmansu ɗaya."

Ta yarda ne don ta rabu da shi. Aka kira Auta daga aji. Ta shigo kanta a ƙasa, domin ba ta taɓa taka ɗakin malamai ba sai in an aike ta.

Uban ya ciro zaren awo daga aljihu. Ya zaɓi wata mahaɗar tayil kusa da ƙofa, ya ce nan ne mafari. Ya ce wa malamin, "Ɗigon uku da huɗu ne, ko ba haka ba?"

Malam Kundi ya kalli shugaba. "Yanzu wasan yara za mu tsaya yi?"

"Amsa masa mana, Malam, a gama," in ji ta.

"Haka ne."

Auta ta ƙirga tayil uku gaba, huɗu sama. Uban ya ɗauki murfin kwalba daga kwandon shara ya ajiye a wurin. Ta koma mafari, ta sauka tayil biyu ƙasa, ya danne bakin zaren da babban yatsan ƙafarsa. Ta riƙa tafiya, ɗaya gaba biyu sama, ɗaya gaba biyu sama, ta ja zaren ya miƙe. Zaren ya bi ta tsakiyar murfin kwalba kamar an auna da ma'auni.

"Wannan nata ke nan," in ji uban. "Yanzu na Malam. Daga goma ya taso, ko?"

Auta ta ƙirga tayil goma sama daga mafari, ta fara hawa. Ɗaya gaba biyu sama. Da ta yi taki na uku sai ga ta a gindin teburin malamin tarihi, murfin kwalba yana can baya, tayil goma sha biyu tsakaninsu.

Malamin tarihi ya ɗage ƙafafunsa. "A'a, ni me na yi? Layin Malam ya bar ɗigonsa ya zo neman na tarihi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Malamar kimiyya ta taso, ta ɗauki kundin daga kan tebur ba tare da neman izini ba, ta buɗe shafin. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, "Wajen buɗe baka-biyu ne kuskuren yake. Biyu sau debe uku, debe shida ne. An rubuta ƙara shida." Ta ɗago. "Malam, tun yaushe wannan yake a nan?"

Mutumin kirki a nan zai sunkuyar da kai. Malam Kundi gyara zama ya yi. Ya ce ɗan Adam ajizi ne, alƙalami ne ya zame tun shekarun baya. Ya ce takarda ɗari da ashirin ya duba shi kaɗai, mutum yana duba amsa ne da abin da ke gabansa, wanda ya dace a ba shi, wanda bai dace ba a wuce. Ya ce da ya lura, ai shi ne zai fara gyarawa.

Shugaba ta so ta karɓi wannan, domin kuskure ya fi sauƙin rufewa. Amma idanun malamai bakwai suna kanta. Ta ce, "Ɗauko mana takardun."

"Makullin kabad yana gida."

"Ga shi nan a jikin makullin babur ɗinka," in ji malamin tarihi, ba tare da wasa ba.

Aka kwance igiya, aka zaro takardar Auta. Shugaba ta buɗe shafin tambaya ta bakwai, ta duba. Sai ta miƙa wa malamar kimiyya. Mai waldan ya leƙa ta kafaɗarsu. Wani ƙaton gicciye ne da jan biro, an danna shi har takarda ta kusa hujewa, an rubuta sifili a gefe. Amma a ƙarƙashin gicciyen ana ganin alamar an ci, da biyar da aka mayar sifili. A bakin takardar kuma, da jan biron nan dai, da rubutun malamin, an sa uku a cikin amsar yarinya an sami huɗu, an sa uku a cikin amsar kundi an sami goma sha shida. Sannan aka bi duka biyun da zane-zane don a ɓoye.

"Ni ban iya karatu sosai ba," in ji mai waldan, "amma na san wurin da aka yi walda sau biyu. Malam, ka gwada. Ka gani. Ka ba ta, sannan ka ƙwace."

Da Malam Kundi ya yi magana, muryarsa ta sauka. "In na ba ta, sai na soke na yara ɗari da goma sha tara. Sai kowa ya tambayi dalili. Yarinya ɗaya ce."

"'Yata ce," in ji uban.

Wannan ita ce duk hujjarsa, kuma ita ce hujjar kowane azzalumi mai jin kunya: mutum ɗaya ne, ba zai yi ƙara ba, in ma ya yi ba mai jin sa. Da ya tsaya gaban aji ya ce yara na yi kuskure, da kunyar minti biyar ce. Girman kai rawanin tsiya ne, shi kuma ya naɗa shi har ya rufe masa ido.

Aka sake duba takardun aji uku gaba ɗaya. Da yake kusan kowa amsar kundi ya rubuta, abin da aka rage wa wannan shi aka rage wa wancan, jerinsu bai sauya ba. Auta kaɗai ta tashi, daga ta talatin da ɗaya zuwa ta goma sha tara. Kujerun ɗakin gwaje-gwaje kuwa ba su ƙaru ba. Wadda take ta talatin ta koma ta talatin da ɗaya.

'Yar wata mai ɗinki ce. Mako uku ta yi a ajin kimiyya, uwar ce ta ɗinka mata farar rigar da hannunta, ta yi mata aljihu biyu. Yarinyar ba ta yi laifin komai ba, abin da malaminta ya rubuta a allo ta haddace. Mai waldan ya koma wurin shugaba ya ce shi zai ƙera kujera ta talatin da ɗaya, da ƙarfensa, a yau ɗin nan. Ta ce ba kujera kaɗai ba ce, an riga an aika adadi sama, talatin aka amince, sunan wani ne kawai za a iya canzawa da na wani.

Ranar da Auta ta shiga ajin, uban ya raka ta har bakin ƙofar makaranta. A nan suka yi kiciɓis da mai ɗinkin tana fitowa, 'yarta na biye da ita, farar rigar a naɗe a hammata. Matar ta tsaya ta dube shi.

"Kai ne mai zaren?"

"Ni ne. Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ba da 'yarki na yi ba."

"Na sani," in ji ta. "Da ni ce ma haka zan yi. Amma ka gaya mini abin da zan ce mata, tunda kai ka iya awo."

Auta ta kai hannu za ta taɓa yarinyar, yarinyar ta janye kafaɗa ta wuce. Da Auta ta dawo gida da yamma, uwar ta tambaye ta yaya sabon aji. Ta ce lafiya, ta shige ɗaki. Sai daga baya ta gaya wa ubanta cewa kujerar da aka ba ta, akwai sunan waccan a rubuce a ƙarƙashinta, kuma ba wanda ya yi mata magana har aka tashi.

"Ki zauna a kanta," in ji shi. "Taki ce. Amma kada ki goge sunan."

Ya fita shago, ya kunna injin, ya kashe. Ranar bai liƙa ko ƙusa ba.

Malamar kimiyya ta bi kundin shafi-shafi, ta sami wasu kurakurai guda shida. Ba wanda ya san yara nawa suka fita da su a ka cikin shekara goma sha bakwai, ko su nawa suka rubuta daidai aka soke musu, domin takardun shekarun baya an riga an ƙone su.

Hukumar makaranta ta zauna a kan maganar mako biyu bayan haka. An sa Malam Kundi ya tsaya gaban taron ɗalibai da iyaye ya karanta abin da ya yi da bakinsa. An dakatar da shi zango guda, an rage masa mataki biyu, an cire sunansa daga masu tsara jarrabawa da masu duba ta har iyakar aikinsa. Da ya dawo ba a ba shi aji ba. An ba shi makullin sito.